Usur Ɗin Eleuterio

Shekara goma sha tara Eleuterio Huamaní yana gadin layi guda a unguwar Pueblo Libre ta Lima, babban birnin Peru, ko madubin mota ba a taɓa sacewa a hannunsa ba. Yana saurayi ya sauko daga tsaunukan Ayacucho, ya yi dako, ya yi leburanci, da bayansa ya gaza sai ya samu wannan 'yar rumfar katako. Bakwai na yamma yake kama aiki, bakwai na safe ya tashi. Duk rabin awa sai ya zaga layin yana busa usur, gajeru biyu da doguwa ɗaya, don masu gida su san idonsa biyu.

Wanda ya tsaya masa a rai shi ne Nilton, mai gadin rana. Me Nilton yake yi? Buɗe ƙofa, washe baki, riƙe wa mata jakar cefane. Amma har yara sun san sunansa. Shi ake miƙa wa shinkafa da kaza, shi ake ba tsofaffin riguna. In Disamba ta zo, panetón, burodin nan na Kirsimeti, sai ya taru masa har ya rasa hannun ɗauka. Eleuterio kuwa kwalayen yake tararwa a kwandon shara. Ƙyashi yake ji, mai zafi, bai kuma taɓa yi wa kansa ƙaryar cewa ba ya ji ba.

Bana kamfanin da ya karɓi gadin layin ya tura su horo na kwana uku. Aka koya musu rubuta rahoto, da kiran agaji ta rediyo, da cewa ba a kokawa da mai bindiga. Sannan malamin ya ce, "Usur kuma a daina. Ɓarawo kuke faɗa wa inda kuke."

Sauran masu gadi suka yi dariya, don sun san ba mai bin diddigi. Eleuterio dai ya jefa nasa a aljihu, ba kuma don malam ba. Tunda mutanen layin Nilton suka sani, to su kwana da murmushin Nilton.

Kwana uku yana zagayensa shiru. Ran na huɗu da safe, suna musayar aiki, sai ga Doña Griselda, dattijuwar gida mai lamba goma sha huɗu, da silifas, idanu sun kumbura, rungume da panetón. Ta wuce Eleuterio kamar turken fitila.

"Nilton, ɗana, faɗa mini gaskiya. Mai usur ɗin nan mutuwa ya yi?"

"Wane mai usur, Doña?"

"Kai, kar ka raina mini hankali! Gajeru biyu, doguwa ɗaya. Tun da mijina ya rasu sai na ji ta sau uku nake iya runtsawa. Kwana uku ke nan ban yi barci ba. In yana asibiti ne ka kai masa wannan, in kuma ya rasu ka kai wa iyalinsa."

Nilton ya sosa ƙeya. "Ai ga shi nan a bayanki."

Ta juyo, ta ƙare wa Eleuterio kallo daga hula har takalmi. "Kai ne? Na ɗauka ka fi haka tsayi. Yaya sunanka?"

"Eleuterio, Doña."

"To, Don Eleuterio," in ji ta, har da lakabin girmamawa, "kar ka sake yi mini haka." Ta dangwara masa kwalin a ƙirji, ta juya gida tana mita.

Nilton ya bi ta da ido. "Ka san bara na yi sati biyu kwance da zazzaɓi? Wani aka turo a madadina, suka yi ta kiransa Nilton." Ya yi 'yar dariya, ya miƙo hannu. "Tsoho, yanko mana mana."

Eleuterio ya ƙanƙame kwalinsa. "Je ka ci naka," in ji shi. Ya nufi tashar mota, ɗaya hannun a aljihu yana laluben usur.