Ba a Wuce Keken Baba

A shekarun da nake noman tattasai a bakin kogin Kumadugu, gidana yana cikin garin Diffa, garkata kuwa tana can bayan ƙauyuka biyu. Kullum da keke nake zuwa, kuma ba ni kaɗai ba. Mu ƴan unguwa ɗaya ne da garakenmu ke jere wuri guda, injin ban ruwa ɗaya muke amfani da shi, kowa da ranarsa. Bayan sallar asuba mukan taru a gindin itacen bedin ƙofar masallaci, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariyar keke, mu tashi tare. In an yi azahar an ɗan huta, mu komo tare.

Tafiya taren tana da dalili. Kwalta ba ta kai garka, sai an sauka an bi hanyar yashi mai ƙaya, kuma a lokacin mutum ba ya son a gan shi shi kaɗai a daji da keke mai kyau. Famfon hura taya kuma ɗaya ne tak a cikinmu, yana ɗaure da tsumma a jikin keken Baba.

Baba shi ne babbanmu, kuma shi ne mahaifin matata. Shi ya fara shigo da keke unguwarmu, daga Maiduguri, tun muna yara, yawancinmu a kan wannan keken muka koyi hawa. Saboda haka akwai abin da ba a yi: ba a wuce Baba a hanya. Tayarka ta gaba ba ta kai tayarsa ta baya. Ban taɓa jin ya faɗi haka da bakinsa ba, a haka muka tarar da abin. Ni kuwa nawa ya fi na kowa nauyi, don surukina ne. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa, in zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa.

Da a ce Baba yana da sauri da ba komai. Amma gwiwarsa ta dama tana ciwo, yakan taka feda sau ɗaya ya bar keken ya yi tunani. Wannan ma da sauƙi a kan gaisuwa. Baba ba ya gaisuwa a kan sirdi, ya ce raini ne. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ja birki, ya sauko, ya jingine keke a cinyarsa. In ya sauka kuwa kowa ya sauka. Sai a fara: wushe, wato sannu, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina masu jiki, ina ruwa, ina tattasai. A ƙare a sake ɗaukowa daga farko. Na taɓa ganin ya tsayar da mu don wani mai jaki da bai san shi ba, wai ya yi kama da mutanen wani amininsa. Tafiyar da mutum mai lafiya zai yi kafin shayi ya dahu sau uku, mu sai ta cinye mana tsakanin azahar da la'asar, har ta ɗan taɓa gaba.

Shekaru ina bin wannan layi ban ce komai ba. Abin ya fara ci mini rai ne da na shiga karatun manya, na haura arba'in. Ana yi a wani aji na lakwal ɗin unguwa, wato makarantar boko, da zarar an fito sallar la'asar. Malaminmu, da muke kira Mushe, saurayi ne mai agogo a hannu, kuma yana kallon agogon. Shekarar farko kullum a tsakiyar darasi nake shiga, da yashi a ƙafa, in tarar an share allo. Na san ƙarshen kowane darasi, ban san farkonsa ba. Da aka yi jarrabawa, abokan zamana suka wuce aji na biyu, ni aka ce in sake daga a, ba, ca.

A cikin tawagarmu akwai wani Badamagare mai kanti a kasuwa, ya sayi garka kusa da tawa, bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar ya sa mini suna.

"Ɗan lakwal, yau ma a ɗin ce? Ka riƙe ta da kyau, kada ta gudu."

"Da ka yi mini magana da Baba da ya fi."

"Ni? Ƴarsa tana ɗakina ne? Taka kekenka ka wuce mana, wa zai kama ka?"

Faɗi kawai yake yi. Shi kansa bai taɓa wucewa ba.

Na gwada dabara. Na sayi famfona, da nufin in riƙa tasowa daga garka kafin kowa, in yi tafiyata. Na ɗaure shi a keke na zo gindin bedi. Baba ya gan shi, ya miƙo hannu, na miƙa masa da hannu biyu. Ya jujjuya shi, ya gwada a tafinsa, ya ce mai kyau ne, amma irin wannan a hannun yara yake lalacewa. Ya ɗaure shi kusa da nasa. Daga ranar Baba yana da famfo biyu, ni ba ni da ko ɗaya.

Sai na bi ta gida. Na gaya wa matata, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa. Saƙo ya isa daidai, ba abin da ya ɓace a hanya. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Kashegari duk wanda muka tsaya gaisarwa sai ya ƙara da cewa, "Ga surukina nan, karatu yake yi." Sai mutumin ya juyo kaina, ya sa mini albarka, ya tambayi ina karatu, ina Mushe, ina alli. Gaisuwa ta ƙaru da tawa. Ranar ina shiga aji ana tashi.

A ƙarshen shekara ta biyu, sanyi ya wuce zafi ya fara, Mushe ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Baba, ba raini ba," in ji shi, don ni ma Baba yake ce mini saboda shekaruna. "Jibi jarrabawa. Masu dubawa za su zo daga ofis. Ana fitowa masallaci zan rufe ƙofar nan, kuma ba ni da ikon buɗewa. In ka makara, sai baɗi, aji ɗaya kuma."

Na ce na ji. Na so in ƙi zuwa garka ranar, amma ranar ce ban ruwa ya faɗo kaina. Kogi ya riga ya ja baya, sai gurbi-gurbi, wanda ya bar ranarsa ta wuce sai ta sake zagayowa, tattasaina kuwa ba zai jira ba. Na je. Na yi ban ruwa kamar ana kora ta, muka kashe inji, muka yi azahar, muka hau.

Farkon tafiyar ta yi kyau, har na fara sa rai. Muna shiga ƙauyen farko sai ga wani tsoho zaune a inuwa da kwalin bandar kifi, ya taso daga Bosso. Abokin Baba ne na ƙuruciya. Na ji ƙarar birki. Muka sauka. Suka riƙe hannun juna, suka bi gidajen Bosso ɗaya bayan ɗaya, na raye da na mace. Ina tsaye ina kallon inuwar kekena tana tsawo a kan yashi.

Badamagare ne ya gaji da ganin fuskata.

"Baba, a gafarce ni. Yau fa jarrabawar ɗan lakwal. In ya makara za mu sake shekara muna jin a, ba, ca."

"Na sani," in ji Baba.

"To a ba shi hanya mana ya wuce."

Kafin Baba ya buɗe baki sauran suka taso masa. Wani ya ce a Damagaram haka ake yi? Wani ya ce mutanen gari su ga mijin ƴa ya shigo gaba, uban ƴa yana bin ƙurarsa, a ce me? Suka yi ta yi, kowa yana kare mutuncin Baba, lokacina yana tafiya. Na sunkuyar da kai. Ni ma na san ba zan iya wucewa ba ko an ce in wuce.

Baba ya dubi rana, ya dubi gwiwarsa. Sai ya tura wa Badamagare kekensa.

"Kai mai baki, ja wannan."

Ya tattare babbar rigarsa, ya tako inda nake, ya juya, ya zauna a kan sandar kekena, tsakanin hannuwana biyu, ƙafafunsa gefe guda kamar yadda ake ɗaukar yaro.

"To, ga ni a gaba," in ji shi. "Taka."

Tun da na auri ƴarsa ban taɓa matsowa kusa da shi yadda hannu zai kai ba. Yanzu ga ƙeyarsa a bakin hancina, ina jin ƙamshin turarensa da goro. Hularsa ta tare mini hanya. In na leƙa ta dama, kumatuna ya taɓa kafaɗarsa, in na ja baya, ƙafata ba ta samun ƙarfi. Na rasa inda zan sa numfashina. Na taka.

Yashi da mutum biyu a keke ɗaya ba wasa ba ne. Baba kuma bai zauna kamar kaya ba. Ya kama kan keken da hannu biyu yana tuƙi tare da ni, ni ina nufin gefen da ƙasa ke da tauri, shi yana nufin inda ya saba bi. Ya gano ƙararrawa, ya yi ta kaɗawa ba kowa a gabanmu. A baya ina jin Badamagare yana fama da keke biyu, yana kiran sunan Allah yana tsine wa bakinsa.

Da muka doshi ƙauye na biyu, dattawa suna zaune a inda suka saba. Na ga hannun Baba yana lallaɓawa wajen birki. Ina jin bai ma san yana yi ba, hannun ne ya saba. Kafin in yi wani abu ya damƙe na gaba. Keke ya tsaya, mu ba mu tsaya ba. Muka zube cikin yashi, rabin jikina a kan surukina, a gaban dattawan ƙauye da dukan tawaga.

Na so ƙasa ta buɗe. Baba ya laluba hularsa, ya kakkaɓe, ya sa.

"Tashi, ba wanda ya gani."

Kowa ya gani. Dattawan har sun miƙe suna tahowa da sannu a bakinsu, na san in suka iso an gama da ni. Baba ya koma kan sanda da saurin da ban san yana da shi ba, ya ɗaga musu hannu ya yi kira:

"Wushenku! Sai gobe! Muna da jarrabawa!"

Wannan ce gaisuwa mafi gajarta da aka taɓa ji daga bakinsa. Na cire hannunsa daga kan birki, a hankali, ban dube shi ba, na mai da shi kan ƙararrawa. Ya ci gaba da kaɗa ta. Da muka hau kwalta na taka kamar ba ni da haƙarƙari.

Mun iso ana tada iƙama. Muka bi sahu. Ana sallamewa na nufi aji, Mushe yana tsaye da hannu a kan ƙofa. Na shiga. Na ɗauka shi ke nan, sai na ji muryar Baba a bayana. Ya biyo ni. Ya kama hannun Mushe da hannu biyu: ina gajiya, ina gida, ina iyaye, ina ɗalibai. Ya juya kan baƙin da suka zo daga ofis, ya ɗauko daga farko. Mushe yana kallon agogo, yana kallona, kamar ni na aiko shi. Dukan ajin suka zauna suna jiran Baba, yadda na yi shekaru ina jira. Ban ji tausayinsu sosai ba.

Rubutuna a kan takarda ya fito kamar sawun ƙadangare, amma ya karantu. Na wuce aji na biyu.

Na ɗauka abin na rana ɗaya ne. Kashegari bayan azahar ina ɗaure kwanona a keke sai na ga Baba ya miƙa wa Badamagare kekensa, ya tattare riga. Ya gaya wa jama'a jiya gwiwarsa ta kwana lafiya, rabon da haka tun kafin damina. Ya zauna a kan sanda. A lokacin ma an yi hutun karatu, ba inda nake sauri.

Haka muka yi ta yi har na gama aji na biyu, har bayansa. Ranakun karatu Baba yana gaisuwa da ɗaga hannu, ban sake makara ba. Ranakun da ba karatu yakan biya duk gaisuwar da ya tsallake, a sauka, a yi ta ninki biyu, ina tsaye ina riƙe da keke, dattawan suna harara ta don sun ce ni na ɓata shi. Tayata ta gaba ta riƙa cinyewa kafin ta kowa. Badamagare ya daina ce mini ɗan lakwal, ya koma ce mini direban Baba, ni kuma in tambaye shi lafiyar kekunansa biyu.

Famfona yana nan a jikin tsohon keken, a zauren gidansu matata, ɗaure da tsumman da Baba ya ɗaure shi. Na taɓa cewa ta karɓo mini. Ta ce in je in tambaya da kaina.