Tambayar da Anti Sanyi Ba Ta Yi Ba

A asibitin fatar da ke saman bene, kowa Anti Sanyi yake kiran ta, har likitan da ya girme ta. Ita ke riƙe da na'urar leza, mai ƙone gashi da tabo da zafin haske, amma rabin yininta a bakin firij take yin sa, tana jera ƙullin ƙanƙara kamar mai shirin talla.

Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, kuma an fi sanin ta da korar mutane. Kafin ta kunna na'ura sai ta zaunar da mace, ta gyara tabarau, ta ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, kina shafa man bilicin?" In aka ce a'a, sai ta kama hannu ta duba gaɓoɓin yatsu, don su ba su iya ƙarya ba. Fata mai duhu, in ji ta, da ma tana saurin ɗaukar zafi, balle wadda mai ya cinye. Daga nan ta ɗana sau ɗaya tak a bayan kunne, ta ce a dawo bayan mako a ga yadda wurin ya yi. Masu gaggawa su sauka bene suna tsaki, ita ko a jikinta.

Autarta ce ta kayar da ita. Yarinyar ta samu aikin koyarwa, ga wasu 'yan gasu sun addabi haɓarta, kullum tana gaban madubi tana tsiga.

"Umma, kina gyara matan gari, 'yarki na yawo da gemu. Litinin fa zan shiga aji."

Ranar Asabar Anti Sanyi ta kwantar da ita a kujerar aiki. Ba ta yi tambaya ba, ba ta gwada bayan kunne ba. Fatar da ta wanke da hannunta tun ranar haihuwa, wa zai gaya mata halinta?

A ɗanawa ta uku Auta ta ƙanƙame hannun kujera. "Umma, zafi!"

Wurin ya yi fari fat. Anti Sanyi ta ajiye na'ura ta ruga firij, amma kafin la'asar haɓar ta kumbura ta ɗuri ruwa. A nan Auta ta faɗi gaskiya: wata biyu ke nan tana shafa wani mai da ƙawarta ta ba ta, a haɓa kawai, don ya goge baƙin da tsiga ta bari.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Jira nake ki tambaye ni, Umma. Ai kowa kina tambayar sa."

Wannan magana ta fi ƙunar yi wa Anti Sanyi ciwo. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta kama jinya. Ta hana Auta ɓamɓare ɓawon ciwon, ta bi ta da man kare rana safe da azahar, ta saya mata lema har biyu. Ita da ba ta kiran waya sai da dalili, ta koma kira a lokacin hutun tara na makaranta: "Kina inuwa?" Wata bakwai aka yi kafin baƙin ya dushe, ya bar ɗan tabo da bai kai farce ba.

Ran nan sai ga Auta ta hawo bene, ta zauna a kujerar nan. Gashin ya dawo.

"Bari in kira likita ya yi miki," in ji uwar.

"Ni wurin Anti Sanyi na zo."

Uwar ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta jawo kujera, ta gyara tabarau.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, kina shafa man bilicin?"

Auta ta ce a'a tana dariya, ta miƙa hannuwa biyu aka duba. Anti Sanyi ta ɗana sau ɗaya a bayan kunne, ta ɗora ƙanƙara, ta ce a dawo bayan mako. Suka sauka bene tare suka nufi gida, uwar ce riƙe da lemar.