Kahwahuna Sun Riga Ni Zuwa Ikko

Gaisuwa ga manya da yara, masu data da masu leken wayar makwabta, tun daga Sabon Birni har Isa! Sarkin Kyau na Gangara ka magana.

Yau Lawwali dan kanena, wanga mai zane da aka ta zuzutawa, ya turo min hoton nunin zane-zanen da yay yi Ikko. Da damana yaz zo yac ce za shi zana ni. Nis sa babbar riga, nib baza ma gari tsagata ta Gobir za ta Ikko, Yarbawa su yi gaisuwa.

Ina dubawa, ba huska, ba riga. Kahwahuna kadai, da hwaso kamar hwadama ta bushe! Ga taubasaina Yarbawa sun yi layi suna kallo.

Nik kira shi: "Kai dan nema, ina kaina?"

Yac ce: "Baba, duk tarihin nomanka ga kahwa shike."

Nic ce: "Da kahwa nika cin tuwon?"

Wai wanga shi na gwani! Yanzu yara Baba Hwaso suka ce min. Ku hwadi gaskiya, zane na ko tonon asiri? Mai kaunata shi aiko min da man basilin da takalmi sau-ciki, kahin shi dawo da burushinai.