Mijin Honorine a Kan Dutse

Honorine Vasseur 'yar wata mai wankau ce daga unguwar Belleville a birnin Paris. Tun tana budurwa ta kama aiki a maɗaba'ar Gaubert, inda masu zane suke kawo ayyukansu a buga musu da dutse, kuma ba ta bar wurin ba sai da idanunta suka gaza. Aikinta shi ne ta ɗora takarda a kan dutsen da aka shafa wa tawada, ta daidaita gefenta da alama, sannan ta ɗauke bayan inji ya danne. Kowane launi da nasa dutsen, saboda haka takarda guda takan yi ta dawowa hannunta kafin hoto ya cika.

Babu abin da take alfahari da shi kamar aurenta. Mijinta Firmin akawu ne a wani kamfanin sayar da kwal, kullum da farar riga yake fita. Ta yi ta faɗin haka har abokan aikinta suka ajiye sunanta suka koma kiranta matar akawu, ita kuwa tana amsawa da jin daɗi. Sun ma san shi, domin yakan biyo ya ɗauke ta ran Asabar, yana tafe kafaɗarsa ta hagu a karkace kamar yadda aka haife shi. Da sanyi ya gabato, a gabansu ta saƙa masa mayafin wuya na ulu, ja da ruwan ɗorawa, a lokacin hutun cin abinci.

A ƙarshen sanyin nan wani saurayi mai zane ya kawo aikinsa, hoton titi kamar yadda ake hango shi daga tagar bene. Ba ya zana fuskoki, sai dai inuwar mutane da yanayin tafiyarsu. Ranar farko aka buga ruwan ɗorawa, babu abin da ya fito sai ɗige-ɗige. Da aka buga ja, Honorine ta ga wani ɗan zane a tsakiyar takarda wanda launukan biyu suka jeru a cikinsa, ta tuna da mayafin da ta saƙa, amma ta kawar da tunanin. Sai ranar da aka ɗora dutsen baƙi. Ta ɗaga takardar farko, sai ga mutum a sunkuye tsakanin sandunan amalanke, yana jan buhunan kwal, kafaɗar hagu a karkace.

Léocadie, wadda take jera takardu su sha iska, ita ta fara magana.

"Kai jama'a, ku zo ku sha kallo! Matar akawu, wannan ba saƙarki ba ce a wuyan jakin nan?"

"Ke dai bakinki ba ya hutawa," in ji Honorine. "Duk faɗin Paris ni kaɗai aka sayar wa jan ulu?"

"Haba 'yar nan, ni fa na riƙe miki zaren."

"To ai maigidana sadaka ya yi da shi. Wani matsiyaci ya gani yana rawar sanyi, ya cire ya ba shi."

"Allah sarki, mai tausayi! Har kafaɗar ma ya haɗa masa?"

Dariya ta ɓarke, sai da Gaubert mai maɗaba'ar ya daka tsawa cewa tawada tana bushewa. Honorine ta wuni tana ɗora takarda tana ɗaukewa, kowacce da mutumin da ta kira matsiyaci da bakinta.

Da yamma Firmin ya dawo cikin farar rigarsa, ya daɗe yana wanke hannu kafin ya zauna. Ta zuba masa miyar albasa, ta lura da kantar da ta fito masa a tafi, ta kuma tuna cewa ya yi watanni bai biyo ta maɗaba'a ba. Ba ta tambaye shi yaushe aka sallame shi daga ofis ba.

Washegari da tsakar rana ta nufi titin, domin ta gane shi da rumfar mai burodi da ke kusurwar hoton. Ba ta daɗe ba ta hango shi yana fama da hawa, ƙafafunsa suna zamewa a kan duwatsun hanya. Ta zagaya ta baya, ta kafa hannu biyu a jikin amalanken ta tura. Ya ji nauyi ya ragu, bai waiwaya ba. Haka suka haye tudun har suka kusa bakin lungun maɗaba'a. A nan ya rage tafiya.

"Saki nan, Honorine," ya ce, fuskarsa tana gaba. "'Yan wurinku suna zaune a bakin ƙofa."

Ta so ta ce masa ba ta damu ba, amma kafin maganar ta fito hannuwanta sun riga sun saki. Ya ja kayansa ya wuce ta gaban lungun shi kaɗai. Ita kuwa ta tsaya a bayan wata karusa tana goge baƙin kwal daga tafinta, sai da baƙin ya fita tas sannan ta koma bakin aiki.