Minti Bakwai na Tashar Gangare

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a kujerar da ka bar mini, babbar 'yarka ta kira ni ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na ce ta sake faɗa, ta sake. Daga Allah muka zo, kuma wurinsa kowa zai koma. Na faɗi haka da bakina a lokacin, na kuma yarda da shi har cikin zuciyata. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ka neme ni har sau uku a watan da ya wuce, ban je ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne mutumin da direbobin jirgin ƙasa suke kira Mai Fensir. Shekara talatin da huɗu ka yi a ofishin da ake tsara jadawalin jirage, a kan layin dogon da yawancinsa layi ɗaya ne tak. A irin wannan layi, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tashar da take da layin kaucewa, inda ɗaya zai raɓe ya ba ɗan'uwansa hanya. Aikinka shi ne ka san wane jirgi zai jira wane, a ina, kuma na minti nawa. Ni ce wadda ta yi shekara tara a ƙarƙashinka, kuma ni aka ba teburinka da ka yi ritaya wata takwas da suka wuce.

Har yanzu ina ganin teburin nan kamar yadda na same shi ranar farko. Doguwar takarda mai layi-layi ta rufe shi daga gefe zuwa gefe, an danne kusurwoyinta da guntayen ƙarfe, ga fensura a cikin tsohon gwangwanin madara, ga garin robar goge rubutu ko'ina har a gemunka. Na shigo da takardar digirina da girman kaina, ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Madalla, an kawo mana Injiniya." Sunan ya bi ni har yau. A satina na biyu na zana jirgi biyu, ɗaya daga saman layin ɗaya daga ƙasansa, layukansu suka haɗu a tsakiyar daji inda babu tasha ko ɗaya. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ɗora bakin fensir a wurin ka ce, "'Yata, waɗannan bayin Allah a ina za su gaisa?" Ofis ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da kowa ya fita cin abinci, ka zauna da ni muka sake zanen daga farko, kuma ba ka ƙara tayar da maganar ba.

Kai ne ka sa na haddace dokar maimaita saƙo: duk umarnin da aka ba ka ta waya game da tafiyar jirgi, sai ka maimaita shi kalma da kalma kafin a ajiye waya. Mama, uwargidanka, ta taɓa kawo mini ƙararka, tana dariya, wai ko cefane ta aike ka sai ka sa ta ji ka karanto mata shi, ita ma in ka ba ta saƙo sai ta maimaita maka. Lokacin da ɗana ya kwanta asibiti sati uku, ban rubuta takardar neman hutu ba, domin kaina ba ya tare da ni. Kai ka ɗauki aikina ka haɗa da naka, kullum da yamma kuma sai ka biyo ta asibitin ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi jikinsa, ka wuce. Akwai direban da aka so a kora saboda ya tsayar da jirgi minti ashirin a gaban siginar da fitilarta ta mutu. Ka saka rigarka ta zuwa taro, ka shiga gaban kwamiti ba tare da an gayyace ka ba, ka buɗe littafin dokoki ka karanta musu shafin da ya umarce shi da tsayawa. Mutumin yana nan yana tuƙi har yanzu. Shi ya riƙe gaban makararka.

Duk wannan kowa zai iya faɗa a kanka. Abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma tsakanina da kai ne.

Bayan ka tafi ritaya, aka ce in fito da sabon jadawali wanda zai rage tsawon tafiyar jirgin fasinja na safe. Manaja ya riga ya yi wa na sama da shi alkawari. Na zauna da kwamfuta ina tsinto mintuna nan da can, har na iso ƙaramar tashar da ke ƙasan tudu, wadda muke kira Gangare. A nan jirgin fasinja yake haɗuwa da na kaya. Littafi ya ce haɗuwa irin wannan minti huɗu take ci. Kai kuwa ka ba ta sha ɗaya, shekara shida ke nan, kuma babu bayani ko layi ɗaya a fayil. Na ce a raina, tsufa ne da son jiki. Na yanke bakwai, na sa hannu, aka yaba mini a taro.

Ban san wanda ya kai maka daftarin ba. Ka kira ni a waya, na ce ina taro. Ka sake kira bayan kwana biyu, na ce zan leƙo gida ranar hutu, ban leƙo ba. Na ukun kai ka zo da kanka, da sandarka, ka hau matakalar nan ta ofis da likita ya hana ka hawa. Na bar ka a kan bencin baranda kusan awa guda. Da na fito, a tsaye na gaishe ka, fayil a hammata. Ka ce, "Injiniya, kafin ki taɓa Gangare, je ki tsaya a can da agogo a hannunki." Ni kuma da bakina da ba ya shiru na ce, "Baba, zamani ya canza, yanzu kwamfuta ke lissafi." Ka yi murmushi ka ce Allah ya yi mini albarka, ka juya. Na ji ƙarar sandarka tana sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, ban ma raka ka ba. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

A rana ta biyu ta zaman makoki ina cikin ɗakin Mama, wani dattijo ya tsaya daga bakin ƙofa yana yi mata gaisuwa. Siriri ne, rana ta ƙona shi, takalmin aikinsa ya cinye ta gefe guda. Ya ce shi ne mai canjin layi na tashar Gangare, ya nemi wani ya riƙe masa aiki ya biyo jirgin kaya ya zo. Bai san ni ba. Ya ce wa Mama, "Hajiya, shekarata ashirin da shida a layin nan, mutumin ofis ɗaya ne ya taɓa taka tsakuwa tare da ni daga wannan kai zuwa wancan, shi ne maigidanki." Ya share fuska da hularsa ya fita. Na kasa haɗa ido da kowa a ɗakin.

Ranar Asabar na shiga kan jirgi kusa da direba na tafi Gangare. Shekara tara ina rubuta sunan tashar nan a takarda, ban taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Ɗaki biyu ne da baranda, da waya a kan tebur, da allon katako mai ƙusoshi inda ake rataye makullai. Shugaban tashar ya yi mini bayani a tsanake. A kowane kai na layin kaucewa akwai ƙarfen da ake juyawa da hannu don a canza wa jirgi hanya, kuma kowanne da kwaɗonsa. Doka ta ce ba zai sallami jirgin fasinja ba sai an mayar da ƙarfen da ke gabansa daidai, an kulle, an kawo makullin ya riƙe a hannunsa. Minti huɗun da littafi ya faɗa, lissafin mutum biyu ne, ɗaya a kowane kai. Shekara shida da suka wuce ɗayan ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Ya ce ka rubuta takarda sau huɗu a kan haka, ba a amsa maka ba, sai ka ɗauki fensir ka ƙara mintunan da kanka.

Na tsaya da agogo kamar yadda ka ce. Dattijon nan ya shigar da jirgin fasinja ta kan sama, ya kulle, ya kama hanya a gefen taragon kaya, tarago bayan tarago, a kan tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Na bi shi. Kafin mu kai rabi numfashina ya fara sama-sama, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Ya isa kan ƙasa, ya duba wutsiyar jirgin kaya ta gama shigewa, ya juya ƙarfe, ya durƙusa ya leƙa ya tabbatar ya kama, ya kulle, ya juyo da makulli zuwa ofis. Na duba agogo. Minti goma da daƙiƙa arba'in, kuma bai tsaya ko shan ruwa ba.

Na tambayi shugaban tashar yadda zai yi da minti huɗu. Ya dubi allon makullai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, duk jinkirin da ya wuce minti uku sunana ake rubutawa. In aka rubuta sau biyar a wata, takardar tuhuma ce. Ina da iyali." Bai ƙarasa ba, kuma ban buƙaci ya ƙarasa ba. Sati ɗaya zai jure, ko biyu. Daga nan sai ya fara hango dattijon daga nesa yana ɗaga hannu, ya ce ai an kulle, ya sallami jirgi babu makulli a hannunsa. Kwana ɗari abin zai tafi lafiya. Ranar da ƙarfen bai kama ba, jirgi mai ɗauke da mutum ɗari shida zai sauka daga hanyarsa, a ce laifin shugaban tasha ne da mai canjin layi. Babu wanda zai tuna da matar da ta zauna a ofis mai sanyi ta yanke minti bakwai.

Baba, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro. Har yanzu ina jin su duka biyun.

Ranar Litinin na shiga wurin Manaja na ce a mayar da mintunan, ko a kawo mutum na biyu. Ya ce jadawali ya riga ya fita, an buga, an manna a tashoshi, an sanar da jama'a, zai fara aiki ɗaya ga wata. Maganar ƙarin ma'aikaci kuma ba ta taso ba a bana. Na ɗaga murya, ka san halina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ni na sa hannu, ba wanda ya tilasta ni, in je in yi tunani a kan kujerata. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo.

Ba ni da ikon janye jadawalin. Abu ɗaya ne ya rage a hannuna, kuma na yi shi jiya da safe. Na rubuta umarni zuwa tashar Gangare, na sa hannu da hatimin ofis, cewa kada a sallami jirgin safe sai makulli ya shiga hannun shugaban tasha komai daɗewar da za a yi, kuma duk jinkirin da hakan ya jawo a rubuta shi a kan ofishin jadawali, da sunana. Na kira shi na karanta masa, ya maimaita mini kalma da kalma. Daga ɗaya ga wata, kullum safiya za a rubuta mini jinkirin minti bakwai. Ban san wata nawa za su haƙura da ni ba. Ban kuma san abin da wanda zai gaje ni zai yi da takardar ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna.

Da na zauna kusa da kai a bencin nan na minti biyar, da duk wannan bai faru ba. Ka zo ka cece ni daga kuskurena kamar yadda ka saba, na bar ka a baranda. Na roƙi Mama ta yafe mini a madadinka. Ta ce ranar da ka dawo daga ofishin ba ka ambaci kowa da mugun abu ba, kawai ka ce mata, "Za ta je, sai dai ta makara." Na je, Baba, kwana huɗu bayan an binne ka.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Dubban mutanen da suka isa gida lafiya ba su san sunansa ba, kai ka sani, ka sanya su a mizaninsa. Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa shida da jikokinsa, da direbobi da ma'aikatan tashoshin da suka yi rashin mai tsaya musu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baba addu'a, ya kuma haɗa da dattijon Gangare, Allah ya ƙara wa ƙafafunsa ƙarfi, domin har yanzu shi kaɗai ne a layin.