Fartanyar Masu Makara

A makarantar 'yan matan da na koyar a cikin garin Katsina, fartanya a ɗakin malamin horo take kwana, tare da bulala da tsintsiya. Ni ce malamar aikin gona, amma in ina son fartanya don darasi sai na je can na roƙa, kamar mai aron tukunyar biki. Duk yarinyar da ta makara da safe, ko ta yi surutu a asambili, ko ta zo ba safa, hukuncinta ɗaya ne, a miƙa mata fartanya a ce ta wuce gona. Ba makarantarmu kaɗai ba, haka na taso na gani ko'ina. A jikin katangar gonar kuwa an rangaɗa rubutu da fenti, wai "Noma tushen arziki". Yarinya tana share hawaye da gefen hijabi tana karanta shi, sannan a ce ni in shiga aji in sa ta so noma.

Ni 'yar Ƙofar Marusa ce. Babanmu yana da lambu a bayan ganuwa, wurin da yanzu gidajen bulo suka cinye, a nan na koyi bambanta ƙasar da ta ƙoshi da wadda ke jin yunwa. Da na tafi karatun aikin gona, mata a ajinmu ba mu taka kara mun karya ba, 'yan uwa kuma suka sa ni gaba da tsiya, wai na yi boko don in ƙare a kashin shanu. Ban taɓa jin haushin kashin shanu ba. Haushin da nake ji shi ne na mutumin da zai cika cikinsa da tuwo sannan ya raina wanda ya san yadda dawa take fitowa.

Duk shekara, lokacin da 'yan mata ke zaɓen darussan da za su bi, sai in bi aji aji ina wa'azina. In ce musu ƙasarmu ta gaji, itatuwa sun tafi murhu, kududdufan cikin gari sun cika da leda, ruwan sama kaɗan sai ya shiga ɗakunan mutane. In ce ana neman waɗanda za su karanci ƙasa da iri da daji, kuma ba inda aka rubuta cewa sai namiji. Su saurare ni da ladabi, in na tambaya kowa ta ce likita, ko nas, ko lauya. Masu ɗaukar darasina ma yawanci don sun ji an ce yana da sauƙin ci ne. Da can muna kai su ziyara gonakin bayan gari su ga abin da ido. Daga baya aka daina, don masu gonakin su kansu sun daina zuwa, tsoron 'yan bindiga ya koro su cikin gari suna zaman jiran tsammani. Abin da ya rage mana shi ne wannan ɗan fili na bayan azuzuwa, filin masu laifi.

A cikin wannan hali wata yarinya ta shigo ajina. 'Yar wani tsohon gida ce na kusa da Gobarau, gidan malamai da alƙalai, irin gidan da sai ka wuce zaure ka wuce zaure kafin ka ga tsakar gida. Ba ta da hayaniya, ba ta taɓa makara ba, ƙafarta ba ta taɓa taka gonar ba sai ranar da na kai su darasi. Na sa su cire ciyawa a cikin wake, ita kuwa ta yi kuskure ta tumɓuke waken da kansa. Maimakon ta ɓoye, sai ta kawo mini shi tana nuna saiwar.

"Malama, wanga ba shi da lahiya. Dubi ƙuraje."

Na ce mata ba ƙuraje ba ne. Waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake su ne ke ciyar da ƙasa, shi ya sa tsofaffi ke shuka wake a tsakanin gero ko da ba su san dalili ba. Ta fasa ɗaya da farce, ta ga cikinsa ja-ja, ta tsaya tana kallo har aka buga ƙararrawa. Na daɗe ina koyarwa, amma ban taɓa ganin yarinya ta kalli saiwa haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

Na yanka mata fangali, ɗan yanki nata na kanta a gefen katanga. Ta raba shi, gefe gero zalla, gefe gero da wake, tana son ta gani da idonta ko maganata gaskiya ce. Tana zuwa da ƙasa a ƙulle cikin leda, ta gindin tsohuwar ganuwa, ta bakin kududdufi, ta turken awakin kakarta, mu jiƙa mu murza mu ga wadda ke riƙe ruwa. Wata rana ta tambaye ni ko akwai karatun ƙasa zalla a jami'a. Na ce akwai, amma sai ta tsaya a ajin kimiyya har a yi rajistar jarabawar fita, in ba haka ba ƙofar ta rufe. Ta ce za ta tsaya. Duk lokacin tara, sa'adda sauran ke rububin awara da ɗanwake, ita tana fangalinta.

A irin wannan lokaci ne mahaifinta ya shigo makarantar. Ya zo ganin shugabar makaranta ne kan wata magana tasu, hanya kuma ta biyo da shi ta gefen gona. Ya tarar da wasu 'yan makara suna noman dole, fuska a murtuke, ga kuma 'yarsa a duƙe kusa da su, ta ɗaure hijabi a ƙugu, fartanya a hannu. Duk mutumin da ya yi makaranta a garin nan ya ga haka ya san abin da ya gani. Ya nufo ni, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da aiki da iyali, don shi ba mutumin da fushi ke hana gaisuwa ba ne. Sannan ya nuna ta da baki.

"Malama, mi ta yi?"

"Alhaji, ba ta yi komi ba."

"To mi ya kai ta gona?"

"Ita ta so. Karatun take so, kuma wallahi tana da kai."

Ya kalli ƙafafunta da suka yi futu-futu. Na ɗauka zai yi murmushi, uba ya ji 'yarsa ba ta yi laifi ba. Sai ya ce, "Da kin ce mani laihi ta yi, da na hi jin sanyi. Horo shina ƙarewa."

Kafin mako ya zagayo an cire ta daga ajin kimiyya an mai da ta ajin da ake shirya lauyoyi, inda ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje. Aka kuma ce kada a ƙara ganinta a gona. Shugabar makaranta ta kira ni ta faɗa mini cikin lallashi, ta ce in bar maganar, gidan ba gidan da ake ja da su ba ne. Na fito ofis ɗin ina huci.

Ban bar maganar ba. Akwai sauran lokaci kafin rajista, in ya yarda ana iya mai da ita. Na shirya na tafi gidan da la'asar. Aka shigar da ni wurin mahaifiyarta, Hajiya mai fara'a, ta kawo mini fura, ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Malama, ke ma ɗiyar cikin birni ce, kin san yadda abin yake. Gidan ga muna da gonaki tun kaka da kakanni, amma ba mu taɓa riƙe masu fartanya ba, akwai masu yi. A ce ɗiyar gidan ga ta ƙare karatu a tambaye ta mi ta karanta, ta ce ƙasa?" Na ce masu yin nan ai suna nan cikin gari sun gudo, ƙasar kuma ta mutu a tsaye. Ta ce Allah ya kyauta, ta ƙara mini fura. Alhaji bai fito ba, ya aiko a ce yana gaishe ni.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, ina tsaye a gona ina jiran malamin horo ya turo mini masu laifin ranar, sai na hango ta a cikin layi. Yarinyar da ba ta taɓa makara ba. Ta karɓi bulalarta a tafin hannu, ta karɓi fartanya, ta wuce kai tsaye fangalinta ba ta ko dube ni ba. Washegari ma haka. Daga baya na ji cewa direba yana sauke ta da wuri, sai ta laɓe a shagon wata mai sayar da alawa har a ja ƙofar makaranta, sannan ta fito ta miƙa kanta. An hana ta gona don so, amma ba wanda ya hana ta gona don laifi.

Na ja ta gefe na ce ta daina, hannunta ya fara kumbura. Ta ce, "Malama, geron ya hwara kai. In ban zo ba wa zai duba?" Na juya na yi kamar ina gyara shinge, don kada 'yan makara su ga malamarsu tana hawaye.

Sunanta ya ɓaci a makaranta. Malaman da ke yabonta suka koma kiranta uwar 'yan makara, muƙamin shugabar ɗalibai da ake shirin ba ta aka ba wata. Da abin ya yi yawa aka kira mahaifinta. Na ce a raina to ga dama ta samu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan ya fito daga ofis na tare shi, na roƙe shi don Allah ya taka zuwa gona ya ga abu ɗaya. Ya yi mini kara ya biyo ni. Gefen gero zalla ya tsaya ƙanana, ganye ya yi rawaya, ƙuduji, ciyawar nan mai shanye gero, ya fito a gindinsa da furensa mai kyau na mugunta. Gefen da ta haɗa da wake kuwa ya yi kore shar, zangarniya ta fi hannuna. Na ce, "Alhaji, aikin ɗiyarka ne. Ba makara take yi ba, wurin ga take zuwa. Rajista ta matso, ka bar ta ta koma ajinta."

Ya duba, ba zan ce bai duba ba. Har ya kai hannu ya taɓa zangarniya ɗaya. Sannan ya ce, "Masha Allahu, ta horu. In ta makara ku ci gaba da horon ta, wannan haƙƙinku ne. Amma karatu, wanda na zaɓa mata shi za ta yi." Ya yi mini sallama cikin mutunci ya tafi. Ya san gaskiya sarai. Ya dai gwammace a ce 'yarsa mai laifi ce da a ce manomiya ce.

Aka yi rajista ba ta cikin ajin kimiyya. Ranar da muka yanke geron ta makara, ta sha bulalarta, ta taya ni ɗaure damin. Daga ranar ba ta ƙara makara ba har ta fita.

Shekaru sun ja kafin in sake ganinta. Na je wani ofis a GRA bin takardun ajiye aiki, sai wata mata cikin baƙar kwat a kan doguwar riga ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ta zama lauya, kuma an ce tana da ƙoƙari. Ta ja mini kujera, ta tambayi gida da yara da ciwon gwiwata. A kan tagarta akwai gwangwanin madara da aka shuka wake a ciki, ya miƙe siriri yana neman rana. Na gan shi, ta ga na gan shi.

Da za ta raka ni sai ta ce, "Malama, har yanzu ana kai masu makara gona?"

Na ce babu gonar. An yi shaguna a wurin suna kallon titi, katangar mai rubutu ma an rushe ta. Masu makara yanzu leda suke tsinta a filin asambili, darasina kuma a allo ake zana saiwar wake da alli.

Ta tsaya riƙe da ƙofa. Ta ce, "To wadda take so hwa, ta ina za ta shiga?"

Ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da mai adaidaita, ta koma ciki.