Rijiyar da na bari a gaba goma sha ɗaya

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da haƙorana sunka fara zubewa na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maradun. Hausa nake karantawa, da yatsa, sannu sannu. Turanci kuwa ko a kwano anka zuba mani ban san shi ba.

Shekarar da nake faɗi, rijiya ta hana ni sakat. Maigidana kafin ya rasu shi ya ja da'ira da sanda bayan rumbu, yac ce nan za a gina ta. Bayan na fita takaba na kira mai ginar rijiya. Gaba bakwai, ƙasa busassa. Gaba tara, dutse. Har anka kai gaba goma sha ɗaya. Kullum in anka jawo guga sai in damƙi ƙasar in shinshina, ko zan ji damshi. Ƙura kawai. Kuɗin awakina ukku sunka tafi cikin ramin nan. Saura saniya guda, kuma na riga na ce a kai ta kasuwar Mafara ran Talata.

Ran Lahadi da hantsi ɗiyata ta auta, wadda ke karatun malanta a Mafara, tana zaune bisa tabarma tana ta tsaki kan takarda.

Nac ce, "Ke, takardar ta zage ki ne?"

Tac ce, "Inna, wata magana ce ta Turanci za a tambaye mu, na haddace ta amma ban gane ta ba."

Na sa ta nuna mani. Na kwafe baƙaƙen cikin littafina ɗaya bayan ɗaya: sunk cost fallacy. Tac ce malaminsu ya ba su misali da wanda ya yanki tikitin kallo, kallon bai yi daɗi ba, ya ƙi tashi.

Nac ce, "To ya tashi mana, ɗaure shi anka yi?"

Ta kira wata abokiyar karatunta 'yar Bakura, ta buɗe muryar waya. Bayan gaisuwa yarinyar tac ce, "Abin ba wuya. Mutum ne ke ci gaba da abu don yawan abin da ya riga ya zuba ciki, ba don abin da zai fito ba. Wanda ya tafi ya tafi, ko ka tsaya ko ka ci gaba. Tambayar ita ce, in yau za ka fara, za ka fara?"

Na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Nac ce, "Wa ya kai ma Turawa labarina?"

Ɗiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na ja takalmi na nufi bakin ramin, na leƙa, na ƙwala ma mai gina kira.

"Malam, tsakaninka da Allah. In da yau ka zo, wurin nan shafe yake, za ka sa diga nan?"

Daga can ƙasa yac ce, "Hajiya, ko kyauta ba ni sawa. Tun gaba tara na sani. Na ga wurin marigayi ne, na ji nauyin faɗi."

"Ni ma nauyinsa nake ji. Fito."

Marigayi mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma manomin gyaɗa ne, bai san inda ruwa yake kwana ba. Ruwa ya so mu sha, ba rami ya so mu gada ba.

Munka kwana biyu muna mayar da ƙasa. Kowane kwando anka juye sai in ji wuyana ya ƙara saki. Ran Talata saniyata na gindin durumi tana tuƙa, ni kuma na ɗauki bokiti na tafi maƙwabta ɗibar ruwa, ina tafe ina gaisawa da mutane kamar ranar salla.